Dukanci da Aikin Katako a Cikin Gida: Tambayoyi da Amsoshi

Abin ya faro mini ne daga jakar makarantar ɗana da maratayinta ya tsinke. Na kai wa wani dattijon baduku a bakin kasuwa, na tsaya ina kallon yadda yake huji yana zura zare, hannunsa ko rawa ba ya yi. Da na dawo gida sai na ji ina son in iya. Yau a lungun zaurenmu akwai ɗan benci da akwatin kayan aiki, a nan nake wuni ranakun Asabar. Abokai da maƙwabta da ɗalibai sukan tsaya su yi tambaya, kuma tambayoyin kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na tara su wuri guda.

Ni ba ɗan gado ba ne. Ya dace in taɓa dukanci ko sassaƙa?

Wannan ce tambayar da aka fi yi mini, kuma na san inda ta fito. A ƙasar Hausa sana'a gado ce: ɗan maƙeri maƙeri, ɗan majemi majemi, har unguwanni suka ci sunan sana'arsu, kamar Dukawa a cikin birnin Kano. Amma gado bai taɓa zama katanga ba. Dattijon da ya fara nuna mini riƙon basilla bai tambaye ni ko ɗan wane ne ni ba, abin da ya ce kawai shi ne, "Malam, matso kusa, daga nan ba za ka ga bakin allurar ba." Yawancin masu sana'ar nan abin da ke damunsu shi ne 'ya'yansu sun guje ta. In ka je musu da ladabi, ka gaishe su, ka sayi kaya a hannunsu, ba za su ɓoye maka komai ba.

Kuma ba ƙaramar sana'a kake shirin taɓawa ba. Jar fatar akuyar Sakkwato da Maraɗi ita ce a da ayari ke ɗauka su ƙetare Sahara da ita, Turawa su saye ta a tashoshin arewacin Afirka su riƙa kiran ta fatar Maroko, suna yi wa littattafansu masu tsada bango da ita. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, da ya shigo Kano a 1851, ya ga yadda takalma da jemammun fatu ke fita daga birnin zuwa ƙasashe masu nisa. Kasuwar Kurmi da aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, a ƙarni na 15, har gobe ana cinikin kayan fata a cikinta.

Da wanne zan fara, fata ko katako?

In ɗaki ɗaya kake haya, ko kina gidan da yara suka cika, a fara da fata. Ba ta ƙura, ba ta ƙara sai ɗan bugun guduma, kayan aikinta duk sa shiga gwangwanin madara babba. Katako yana son fili da iska da maƙwabta masu haƙuri.

Waɗanne kayan aiki ne dole a dukanci?

Wuƙa mai kaifi sosai, rula ta ƙarfe, basilla ko wani tsinken ƙarfe mai tsini na huji, allura 2 masu dakusasshen baki, zare mai ƙarfi, ɗan kakin zuma na murza zaren, gam, da guntun katako mai laushi da za ka riƙa yanka a kai. Shi ke nan. Kada ka ga hotunan Turawa a YouTube da kaya jere a bango ka ɗauka sai da su. Na farko da na yi huji da shi wata ƙusa ce mai inci 3 da na goga wa baki a kan dutse.

Abin da ba na yarda a yi masa rowa shi ne kaifin wuƙa. Dakusasshiyar wuƙa ita ce ke sa ka danna da ƙarfi, ta zame, ta ci fatar ko ta ci yatsa. Ka sami dutsen washi, sannan ka manna wani ƙyallen fata a jikin katako kana goga bakin wuƙar a kai kafin kowane yanka.

Ina zan sami fata, kuma yaya zan gane mai kyau?

A Kano a nufi Kurmi da Ƙofar Wambai. Sakkwato, Zariya, Damagaram da Maraɗi duk suna da majema da masu sayarwa. Mai koyo ya tambayi ragowar yanka a wurin masu takalma da jakunkuna, ya fi araha nesa ba kusa ba, kuma in ya ɓata ba zai ji ciwo ba.

Jima iri biyu ce, kuma sai ka san bambancinsu kafin ka ba da kuɗinka. Akwai jimar gargajiya ta bagaruwa. Majemi yana jiƙa fatar a ruwan toka har gashin ya saki, ya kankare da kartaji, ya wanke, sannan ya tsoma ta cikin ruwan dakakkiyar bagaruwa, daga baya ya shafe ta da mai. Irin wannan fatar tana da ɗan tauri, tana shan ruwa, tana karɓar rini da zane, kuma tana ƙara kyau da tsufa. Sai jimar kamfani da ake yi da sinadarin kurom, irin ta masana'antun Challawa da Sharaɗa, wadda ita ce mafi yawa a duniya yanzu. Tana da laushi, ba ta saurin shan ruwa, amma ba ta riƙe zane, gefenta kuma ba ya gogewa ya yi santsi.

Gane su ba wuya. Ka dubi bakin inda aka yanka: in ka ga tsakiyar ta yi shuɗi-shuɗi ko ruwan toka, kurom ce, in ta yi ruwan ƙasa tun daga sama har ƙasa, ta bagaruwa ce. Ka ɗiga ruwa: ta bagaruwa nan da nan za ta shanye, wurin ya yi duhu. Ka ɗaga ta ga hasken rana ka nemi huji da inda wuƙar mahauci ta zarce. Ka naɗe ta ka ga ko fuskar tana tsagewa. Sannan ka sunsuna, domin wadda ba ta jemu ba wari take yi, kuma warin ba ya fita.

Kauri kuma ya danganta da aikin. Jakar kuɗi ta aljihu tana son milimita 1 zuwa 1.5, nan fatar akuya ta fi dacewa. Bel yana son milimita 3 zuwa 4, wannan sai jemammiyar fatar sa. Fatar tunkiya laushi gare ta amma ba ƙarko, a bar ta a shafin ciki.

Abu ɗaya ga mai sayen tsofaffin jakunkuna da takalman gwanjo don ya farke ya yi amfani da fatar: fatar alade ana gane ta da ƙananan ramukan gashi da ke zuwa uku-uku a tare, kuma an fi sa ta a shafin ciki.

Me zan fara ɗinkawa?

Mariƙin makulli. Daga nan gidan katin banki mai aljihu 2, sai kube na wuƙar kicin, sai zabira. In hannu ya faɗa, a gwada gafaka ta Alƙur'ani. Tumtum da takalmi a jinkirta su tukuna. Kafin ka sa wa fata wuƙa, ka yanka siffar abin a kwali, ka naɗe shi, ka zura katin ko wuƙar ka ga ya shiga. Kwali kyauta ne.

Me ya sa ɗinkina yake fita a karkace?

Saboda kana huji da ɗinki a lokaci guda. Raba su. Da farko ka manne gefunan biyu da ɗan gam don kada su zame. Ka ja layi mai nisan milimita 3 ko 4 daga baki. Ka sa alamar kowane rami da tazarar milimita 4. Cokali mai yatsu ma yana yin wannan aikin in ka danna shi a kan layin. Sannan ka huda duka, basillar tana tsaye cak, ba ta jingina ba. Sai ka ɗauko zare.

Ɗinkin da nake koya wa kowa shi ne mai allura 2, wanda masu sirdi ke yi. Ka auna zare ninki 4 na tsawon wurin da za ka ɗinke, ka murza shi da kaki, ka sa allura a kowane bakinsa. Ka zura a ramin farko har zaren ya rabu daidai. Daga nan kowane rami allurar dama za ta bi ta fita hagu, ta hagu ta bi ta fita dama, ka ja su tare. Sirrin shi ne kada ka sauya tsari: in ta dama ka fara zurawa, ita za ka riƙa farawa da ita har ƙarshe, kuma ƙarfin jan ya zama ɗaya. A ƙarshe ka koma baya rami 2 ko 3, ka yanke, in zaren nailan ne ka ɗan taɓa bakinsa da ashana. Fifikon wannan ɗinki a kan na keke shi ne ko zare ya tsinke a wuri ɗaya, ɗayan yana riƙe, ba ya warwarewa.

Jakar kuɗin da na fara yi tana nan a aljihuna. Gefe ɗaya ɗinkin kamar sawun kaza, ɗaya gefen ya miƙe, domin a tsakiyar aikin ne na gane zancen jan zare.

Zan iya rina fata da kaina?

In ta bagaruwa ce, ƙwarai kuwa, kuma da kayan da kakanni suka yi amfani da su. Ja daga karan dafi ake samun sa, a daka shi a jiƙa da ɗan ruwan kanwa. Rawaya daga gangamau. Baƙi kuwa, wanda dukawa ke kira kuloko, abin mamaki ne ga wanda bai taɓa gani ba: ka zuba tsofaffin ƙusoshi a ruwan tsami ka bar su kwanaki, ka tace. Ruwan ba baƙi ba ne, amma da ka shafa shi a fatar sai ka ga ta rikiɗe a gabanka, domin ƙarfen yana haɗuwa da sinadarin bagaruwar da ke cikinta. Wannan baƙin ba ya zuba a tufafi. Bayan ya bushe a shafa ɗan mai, don tsamin yana busar da fata. Darasin da ke ciki: kada ka ajiye ƙusa ko almakashi a kan jiƙaƙƙiyar fatar bagaruwa, tabon ba ya gogewa.

Fatar ragon layya fa, zan iya jeme ta a gida?

Yin amfani da ita halal ne, ka yi buzu ko ka bayar sadaka. Abin da mafi yawan malamai suka hana shi ne mai layya ya sayar da ita ko ya biya mahauci ladansa da ita. Matsalar ita ce fata ba ta jira. A zafin nan namu, sa'o'i kaɗan sun isa ta fara ruɓa, gashi ya riƙa zuba. Da an feɗe, a kankare kitse da ragowar nama, a shimfiɗa ta a inuwa, a zuba gishiri da yawa a cikin har gefe-gefe. Kada a shanya ta a tsakiyar rana. Na taɓa yin wannan kuskuren a kan kwanon rufi: waje ya bushe ƙamas kamar faranti, ciki bai bushe ba, da aka jiƙa sai ta riƙa yagewa.

Shawarata, ka sa gishirin da kanka, jimar ka kai wa majemi. Aiki ne na kwanaki, mai wari da ruwa mai yawa, bai dace da tsakar gida ba. Sannan kada ka taɓa fatar dabbar da ta mutu haka kawai ba a san dalili ba. Cutar antaras tana bin ɗanyar fata ta kama mutum, kuma a watan Yulin 2023 hukumomi sun tabbatar da ɓullarta a wata gona a yankin Suleja.

Wanda abin ya shiga ransa har yake son ya karance shi, akwai cibiyar koyar da fasahar fata ta tarayya, NILEST, a Samarun Zariya.

To katako: me zan tanada?

Zarto, guduma, tef na awo, sukwaya ta daidaita kusurwa, fensir, sukudireba, magagari, samfefa mai lamba 80 da 120 da 220, da farin gam na katako. Abin matse katako yana da tsada, amma tsohon tib na tayar keke da aka yanka siri-siri yana ɗaure aiki tam har gam ya kama. Injin huji shi ne na'ura ta farko da ta cancanci kuɗinka, sauran su jira. Mai son sassaƙa irin ta gargajiya, muciya ko akushi ko kujera 'yar tsugunno, gizago zai nema a wurin maƙera.

Wane katako zan saya?

A 'Yan Katako na Na'ibawa a Kano, ko kasuwar Katako ta Jos, ko ta Yamai, yawancin abin da za ka gani daga kurmin kudu aka kawo shi: obece, afara, iroko, malaina da ake shukawa. Ana sayar da shi da inci, 1 da 12, 2 da 2, 2 da 4, tsawonsa galibi ƙafa 12. Falanki mai haɗe-haɗe kuwa faifai ne mai ƙafa 4 da 8. Mai koyo ya fara da obece: fari ne, ba nauyi, zarto na shigarsa kamar sabulu. Laifinsa ƙwari na son sa, kuma ba ya jure ruwa. Iroko ya fi ƙarko nesa, gara ma tana shakkar sa, sai dai ƙurarsa tana sa wasu tari da ƙaiƙayi.

Namu na gida kowanne da gurbinsa. Ƙirya tauri gare ta, ita ake nema don turmi da taɓarya. Aduwa ita masu allo suka fi so. Maɗaci ja ne mai kyan fuska, ya dace da kujera da ƙofa. Giginya ita ce azarar da ta riƙe soraye shekara da shekaru ba gara. Dalbejiya kuwa ga ta a kowace unguwa, in an yi mata sassabe rassan sun isa ƙananan ayyuka. A nan ina da roƙo: kada sha'awarmu ta zama sanadin sare bishiya mai rai. Madobiya ta isa misali. An yi ta lodin ta zuwa Sin daga dazukan Taraba da maƙwabta har ta kusa ƙarewa, sai da aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar ƙasashen duniya ta CITES ke sa wa ido a cinikinsu daga 2017. Tsohuwar ƙofa, karyayyen gado, akwatin kaya da aka yar, duk katako ne busasshe da ya gama motsinsa.

Na yi teburi da damina, hunturu na zuwa ya tsage. Me ya faru?

Ni ma ya same ni, kuma da dare na ji ƙarar, kamar an karya kara. Katako yana shan laima yana kumbura, yana fitar da ita yana tsukewa, kuma a faɗinsa yake wannan motsi, tsawonsa kusan ba ya canzawa. Wanda aka yanko daga kudu yana isowa da ruwa a jikinsa. Ka haɗa shi a watan Agusta, ka danne kowane gefe da ƙusa, iskar Disamba ta zo ta zuƙe shi. Yana son ya tsuke, ƙusa ta hana, sai ya tsage.

Maganin haƙuri ne. In ka sayo, ka jera shi a inuwa inda iska ke ratsawa, ka ɗaga shi daga ƙasa, ka sa 'yan sanduna tsakanin kowane falle, ka ɗora nauyi a sama don kada ya lanƙwashe. Ka shafe bakunan biyu da fenti ko kaki, domin ta nan ruwa ke saurin fita, ta nan tsaga ke farawa. Kafintocin ƙasashen sanyi suna lissafin shekara 1 ga kowane inci na kauri. A busasshiyar iskarmu ya fi haka sauri, amma makonni kaɗan ba su isa ɗanyen katako ba. Wurin ɗaura saman teburi kuma, ka faɗaɗa ramukan sukurori kaɗan ta ɓangaren faɗin, don ya sami wurin numfashi. Kuma abin da ka shafa a sama, ka shafa a ƙasa. In fuska ɗaya ce kawai ta sha fenti, sai ya gantsare.

Ƙusa tana fasa mini katako. Yaya zan yi?

Ka fara huda ɗan rami da bai kai kaurin ƙusar ba, musamman kusa da baki. In babu abin huji, ka juya ƙusar ka ɗan daki tsininta da guduma ya dakushe. Haɗin da ya sha gam ya matsu sosai ya kwana ya fi na ƙusa zalla ƙarfi.

Gara fa?

Kada katako ya taɓa ƙasa ko jikin bangon da ke da laima. Ka sa wa ƙafafun kanta 'yan takalman roba, ka riƙa jawo ta kana dubawa. Baƙin man inji da ake shafa wa katakon rufi da shinge kada ya shigo ɗaki, balle ya taɓa abin da yara ke wasa da shi.

Me zan shafa wa abin da za a ci abinci da shi?

Muciya, koshiya, akushi da katakon yanka albasa ba a sa musu fenti ko banish. A goge su da samfefa har lamba 220, ana bin tsawon jijiyar katakon, a jiƙa kaɗan, a bari ya bushe, a sake gogewa. Sai a narka kakin zuma da man kaɗe a shafa da ɗumi, a goge da tsumma. Man gyaɗa yana yin ɗoyi in ya daɗe a jikin itace. Wannan haɗin na kaki da kaɗe shi nake shafa wa fata ma, kaɗan-kaɗan, musamman da hunturu.

Akwai haɗarin da ya kamata in sani?

Yanka kullum ya nufi nesa da jikinka, hannun da ke riƙe aiki yana bayan bakin wuƙa. Gam ɗin takalmi, wanda ake kira solusho, a buɗe shi a waje ko bakin taga, nesa da wuta, a kulle shi inda yaro ba zai kai ba. Mun san ɓarnar da shaƙarsa ke yi wa matasa. A rufe hanci lokacin goge katako. Ƙusar da ta faɗi a tsince ta nan take, domin a gidajenmu ba takalmi ake yawo ba, kuma wanda ƙusa ta soka ya je a duba batun allurar tetanus ko da raunin ƙarami ne.

Mata suna iya yi?

Suna yi tun tuni. A wurin Buzaye aikin fata na mata ne, jakunkunan nan masu tuntaye da ake kawowa daga Agadas hannunsu ne. A gidajen dukawa ma mata suna taya yanka da saƙar ado daga cikin gida. 'Yata mai shekara 12 ta fi ni daidaita tazarar huji, ita nake ba wa alamar in aikin na kyauta ne.

Za a iya cin abinci da shi?

Ana iya samu, amma kada ka fara da wannan niyyar a watan farko. Ka yi guda 10 na abu ɗaya, ka rabar da su ga 'yan uwa, bayan wata 3 ka karɓo ka duba inda ya fara lalacewa: bakin aljihu ne ya saki, ko rini ne ya zuba, ko ƙafar kujera ce ta fara girgiɗi. In ka gyara waɗannan, sai ka sa kuɗi. Wurin lissafi ka haɗa kuɗin fata ko katako, zare, gam, kuɗin mota zuwa kasuwa, da sa'o'in da ka zauna. In fatar kurom ce ka ce kurom ce, in leda ce mai kama da fata ka faɗa wa mai saye tun kafin ya tambaya. Kuma in aka kawo maka aikin da ya fi ƙarfinka, sirdi ko gadon aure, ka raka mai shi wurin dattijon da ya koya maka.